Yadda Ake Canza Sarƙar Taimin a Injin Tsohuwar Corolla, Mataki-Mataki

Masu karatu da yawa sun yi ta turo tambaya ɗaya: motarsu ta soma ƙara daga gefen inji, bakanike ya ce sarƙar taimin ce, to yaya ake aikin, kuma mutum zai iya yi da kansa? Zan amsa ne da injin da na fi sani, wato 1ZZ-FE na Toyota mai lita 1.8, wanda ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix, da Pontiac Vibe, da wasu Avensis. Ƙannensa 3ZZ mai lita 1.6 da 4ZZ mai lita 1.4 gininsu ɗaya ne, don haka jerin aikin zai yi musu. Idan naka injin wani ne daban, tsarin zai taimaka maka, amma maki, wato alamomin da ake daidaita sarƙa a kansu, da awon ɗauri sai ka nemo na injinka.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. A wannan injin, fistan da bawul suna amfani da wuri ɗaya ne a lokuta daban-daban, kuma sarƙar ce ke hana su haɗuwa. Idan ka ɗora ta a karkace da haƙori biyu ko uku ka murɗa makulli, fistan zai iya dukan bawul ya lanƙwasa shi, aikin yini ɗaya ya koma na sauke kan inji. Duk sauran abin kwancewa ne da ɗaurewa. Maki shi ne aikin.

1. Tabbatar sarƙar ce

Sarƙar 1ZZ ba irin bel ba ce da ake canzawa don ta cika wasu kilomita. Tana daɗewa ƙwarai muddin ba a bar inji da ƙishin mai ba, kuma na sha ganin an sa mutum ya saye ta alhali lafiyarta ƙalau. Abubuwa biyu ne ke yawan yi mata sojan gona. Na farko ajastar fambel, wato abin da ke miƙe fambel, wadda a wannan injin ta yi ƙaurin suna wajen karkarwa da ƙara idan ta tsufa. Gwajin mai sauƙi ne: da inji a sanyi, cire fambel, ka tayar da mota na kamar daƙiƙa talatin. Idan ƙarar ta ɓace, ba sarƙa ba ce.

Gargaɗi: kada ka wuce minti ɗaya, domin famfon ruwa ba ya juyawa idan babu fambel.

Na biyu giyar VVT-i, mai sauya lokacin buɗe bawul, da ke kan kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) na shigar iska. Idan abin kulle ta na ciki ya ci, za ka ji "karrr" na daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar ka tayar da mota da safe, sai ta yi shiru. Sabuwar sarƙa ba ta maganin wannan. Ƙarar sarƙa ita ce wadda ba ta ɗaukewa, kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, ko a silo ko an ɗan taka mai. Sau da yawa mota takan rasa ƙarfi, fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lamba P0016, ma'ana karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf ba sa tafiya tare. Ka fara duba baƙin mai ma. Injinan 1ZZ na farko-farko suna shan mai idan sun tsufa, kuma ajastar sarƙa da ƙarfin mai take aiki.

2. Kaya da kuɗin da za ka tanada

Na canji: sarƙa, damfa biyu da sarƙa ke gudu a jikinsu (mai motsi da kafaffiya), ajastar sarƙa da zoben robarta, sil na gaban karanshaf, gaskit na murfin saman inji, zoben robar famfon ruwa, gam na inji mai jure mai da zafi, baƙin mai kamar lita 4 da filta, da ruwan lagireto kamar lita 6 da rabi. Giyar karanshaf da ta kamshaf na fitar hayaƙi sai ka ga haƙoransu kafin ka yanke hukunci.

Farashi yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago uku kafin ka biya, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko a Panteka a Kaduna. Inda za ka iya rage kuɗi shi ne famfon ruwa, idan ba ya yoyo kuma ba ya girgiza. Inda ban yarda a rage ba shi ne sarƙa da ajasta. Sarƙar Beljiyam da aka ciro daga wani inji ba ka san nisan da ta yi ba, kuma sabon saiti mai arhar banza robar damfarsa kan farfashe cikin 'yan watanni. Kuɗin aiki ya fi zafi idan an biya shi sau biyu. Idan gareji za ka kai, ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan, ka kuma nemi a nuna maka maki kafin a rufe murfi. Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Na aiki: soket 10, 12, 14, 17 da 19, doguwar sanda ta ƙara ƙarfi, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, abin riƙe fuli (faifan gaban karanshaf da fambel ke hawa), jak biyu da jakin tsayawa, guntun katako, sukudireba biyu masu faɗin baki, reza ko abin kankara na roba, tsummoki masu tsabta, fenti ko maka fari, da kwali. Ware yini guda da rabi idan karo na farko ne. Kada ka fara bayan la'asar da niyyar tafiya da motar da daddare.

3. Buɗe hanya

A bar inji ya huce sarai. Cire kan batir na nagetif. Ɗaga gaban mota ta ɓangaren dama, ka ɗora ta a kan jakin tsayawa, ka cire taya da robar da ke rufe gefen inji. Zubar da ruwan lagireto a cikin roba.

Kafin ka cire fambel, ɗauki hoton yadda ya zagaya. Sa soket 19 a kan ajastarsa ka danna a hankali, sai ya saku. Cire altaneta. Idan motarka mai famfon sitiyari ce, kwance shi ka ɗaure a gefe da waya, ba sai ka cire tiyonsa ba. Sannan ka sa jak na biyu a ƙarƙashin kwanon mai, da katako a tsakani, ka ɗan tallafi inji, ka kwance sitin inji na dama.

Gargaɗi: jak ba tare da katako ba yana lotsa kwanon mai, kuma matatar da ke zuƙo mai tana dab da gindinsa.

Cire kwayil huɗu, da tiyo biyu na saman murfi, da murfin saman inji. Ni ina cire fulogi ma, domin inji ya yi laushin juyawa da hannu, amma sai na toshe ramukan da tsumma. Duk ƙusar da ka kwance daga nan zuwa gaba, zana siffar wurin a kwali ka soka ta a inda take. Tsawonsu ba ɗaya ba ne.

4. Sassauta babbar ƙusar fuli, sannan ka saita maki

Mutane da yawa suna saita maki tukuna, sai garin kokawa da ƙusar fuli inji ya gusa. Fara karya ƙarfin ƙusar. Riƙe fuli da abin riƙe shi, ka sa soket 19 da doguwar sanda. A mota mai giyar hannu, kana iya sa giya ta biyar wani ya danne birki. Da ta motsa, bar ta a ciki.

Gargaɗi: kada ka soka sukudireba a giyar kamshaf don riƙe inji. Ƙarfin zai bi ta sarƙa ya fasa giyar VVT-i.

Yanzu juya karanshaf yadda hannun agogo ke tafiya har tsagin da ke bakin fuli ya zo daidai da lamba 0 a jikin murfin taimin. Leƙa sama. Kowace giyar kamshaf tana da ɗigo. Dole ɗigon biyu su kalli juna a layi ɗaya, daidai da saman murfin taimin. Idan ba haka suke ba, ƙara zagaye ɗaya cikakke ka dawo kan 0, domin karanshaf yana zagaye biyu ne kafin kamshaf ya yi ɗaya. Wannan shi ne fistan na ɗaya a can sama. Ɗauki hoto mai haske, ka kuma sa naka makin da fenti a kan giya da jikin inji. Sannan ka cire ƙusar ka zare fuli.

5. Cire murfin taimin

Jerin shi ne: ajastar fambel, famfon ruwa, ƙarfen da sitin inji ke zama a kai, sansar karanshaf, sai ajastar sarƙa. Ƙusar ajastar fambel doguwa ce, tana dukan jikin mota, sai ka ɗan ɗaga inji ko ka sauke shi da jak kafin ta fita. Famfon ruwa yana da ƙusa shida masu tsawo iri biyu. Ajastar sarƙa tana bayan murfin, ɓangaren da ke kallon cikin mota, noti biyu na 10 ke riƙe da ita. Yawan jiƙewar da ake gani a bayan wannan injin daga zoben robarta yake fitowa.

Kwance ƙusoshin murfin duka, ka sake zagayawa da yatsa ka tabbatar babu wadda ta ɓuya a cikin datti. Gam ne kaɗai ya rage ke riƙe da shi. Akwai wuraren da aka bari a gefe don sa sukudireba. Naɗe bakinta da tef ka ɓamɓare a hankali, nan kaɗan can kaɗan.

Gargaɗi: murfin alminiyam ne. Idan ya ƙi tasowa, akwai ƙusar da ka manta. Kada ka buga sukudireba a tsakanin fuskokin da ke haɗuwa, domin duk ƙarzar da ka yi hanyar yoyo ce da gam ba zai toshe ba.

Da murfi ya fita, cusa tsumma mai tsabta a ƙasa inda mai ke gangarawa kwanon mai, kada wani abu ya faɗa.

6. Cire tsohuwar sarƙa, ka karanta ta

Zare farantin nan mai haƙora da ke gaban giyar karanshaf, wanda sansa ke karantawa. Lura da harafin F a jikinsa, yana kallon waje. Kwance damfa mai motsi. Sa sukudireba biyu a bayan giyar karanshaf, da tsumma a ƙarƙashinsu, ka turo ta waje tare da sarƙar. Sannan kafaffiyar damfa.

Gargaɗi: daga yanzu har sabuwar sarƙa ta hau, kada ka juya karanshaf ko kamshaf yadda ka ga dama. Idan dole sai ka juya kamshaf sosai, fara gusar da karanshaf kwatan zagaye domin fistan duka su sauka tsakiya, ka mayar da shi bayan ka gama.

Kada ka yar da kayan tukuna, su ne za su gaya maka abin da ya faru. Ja sarƙar ta miƙe sosai, ka auna tsawon gaɓa 16 a wurare uku daban-daban. Iyakar da Toyota ta sa ita ce milimita 122.6, abin da ya wuce haka ta miƙe. Ramin da sarƙa ta ci a jikin damfa kada ya wuce zurfin milimita 1. Haƙoran giya idan sun yi tsini ko sun karkata gefe ɗaya, canza giyar, in ba haka ba za su cinye sabuwar sarƙa. Idan kuwa ka tarar wani ɓangare na robar damfa ya ɓalle kuma ba ka gan shi ba, yana cikin kwanon mai, sai ka sauke kwanon ka tsince shi kafin ya toshe matata.

Giyar VVT-i kuma, idan ba ta ƙara, bar ta inda take. Cire ta da ɗaure ta suna da ƙa'idar buɗe kullinta da iska tukuna, kuma wanda bai san wannan ba yakan lalata sabuwa tun wajen ɗauri.

7. Wanke fuskoki

Aiki ne mai gundura, amma shi ke raba aiki mai tsabta da inji mai ɗiga. Kankare tsohon gam daga murfi da jikin inji har ƙarfe ya fito fes, ka goge da fetur ko abin wanke birki, ka bari ya bushe. Buge tsohon sil ya fita, ka shigar da sabo da babban soket har ya yi daidai da fuskar murfi, ka shafa ɗan giris a leɓensa.

8. Ɗora sabuwar sarƙa

A nan za ka rage gudu. Kashe waya in da hali.

Duba karanshaf: ɗan ƙarfen da ke kama giya, wanda makanikai ke kira ki, dole ya kalli sama. Duba kamshaf: ɗigo biyu na kallon juna kamar a hotonka. Idan ɗaya ya ɗan gusa saboda sifirin na bawul, akwai wuri mai kusurwa shida a jikin kamshaf, sa sifana a nan ka dawo da shi kaɗan. Ɗaure kafaffiyar damfa da ƙusoshinta biyu, Nm 9 (Nm shi ne awon da ke jikin sifana mai awon ƙarfin ɗauri).

Sabuwar sarƙa tana da wurare uku masu launi, a ta asali ruwan ɗorawa ne, a wasu kamfanonin launin kan bambanta. Biyu suna kusa da juna, na kamshaf ke nan. Na ukun yana nesa, na karanshaf. Fara da ƙasa: ɗora sarƙar a giyar karanshaf, gaɓa mai launi a kan makin giyar, ka tura giyar ta shige kan ki har ƙarshe. Sannan ka hau da ita sama, kowace gaɓa mai launi ta zauna a kan makin da ke bakin giyarta.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rikita maki. Kowace giyar kamshaf tana da alama iri biyu: ɗigon da ke kallon ɗan'uwansa, da makin da ke sama wanda gaɓa mai launi ke hawa. Idan ka ɗora launi a kan ɗigon tsakiya, ka ɓata komai. Na biyu shi ne sakin sarƙa. Ɓangaren kafaffiyar damfa da tsakanin giya biyu na sama dole su kasance a miƙe; duk sakin ya taru a ɓangaren damfa mai motsi, inda ajasta za ta ɗauke shi.

Sa damfa mai motsi, Nm 19, ka gwada ta da hannu ka ga tana lilo ba tare da cijewa ba. Mayar da farantin sansa, F na kallonka. Na taɓa karɓar mota da aka yi wa wannan aikin a wani wuri ta ƙi tashi kwana uku, an canza mata fulogi da famfon fetur, ashe farantin nan aka juya. Sai da aka sake buɗe murfin gaba ɗaya.

Kafin ka taɓa gam, ƙirga maki uku da yatsa, ka ɗauki hoto, ka cire tsumman da ka cusa a ƙasa.

9. Rufe murfi

Gwada shigar da murfin a bushe sau ɗaya, domin hannunka ya san hanya. Sannan ka ja gam siriri, ba yankewa, ta cikin ramukan ƙusa, da kewayen hanyar ruwa. Ƙara ɗan ɗigo a wuraren da kan inji ya haɗu da bulok, da inda bulok ya haɗu da gindinsa. Umarnin Toyota shi ne murfi ya hau cikin minti 3 da shafa gam, saboda haka ƙusoshi su kasance a jere kusa da kai.

Gargaɗi: yawan gam ba ƙarin tsaro ba ne. Abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya bi mai, ya toshe 'yar matatar VVT-i ko ta kwanon mai.

Ɗaure da hannu duka tukuna, sannan da awo: masu kai 10, Nm 13, masu kai 12, Nm 19. Nan take ka sa famfon ruwa da sabon zobe, gajerun ƙusoshi Nm 9, dogaye Nm 11, da ƙarfen sitin inji, Nm 47, domin su ma suna danne murfin. Mayar da sansa. Shigar da fuli a kan ki, ka riƙe shi, ka ɗaure ƙusarsa Nm 138. Wannan ba ƙusar da ake ɗaurewa da ƙiyasi ba ce.

10. Sa ajasta, ka sake ta

Sabuwar ajasta tana da ɗan ƙugiya da ke riƙe sandarta a ciki. Idan ta fito, ɗaga haƙorin da ke tare ta, ka danna sandar ciki, ka maƙala ƙugiyar. Shafa mai a zoben roba, ka tura ta ramin a miƙe, noti biyu Nm 9. Idan ƙugiyar ta kuɓuce garin shigarwa, fito da ita ka sake maƙalawa.

Yanzu juya karanshaf baya kaɗan, akasin hannun agogo. Damfa za ta danna sandar, ƙugiya ta faɗi, sau da yawa har za ka ji "ƙas". Juya gaba, ka haska tocila ta sama ka ga sandar ta fito tana tura damfa. Idan ba ta fito ba, danna damfar zuwa wajen ajasta da doguwar sukudireba har ta saku.

Gargaɗi: wanda ya manta wannan matakin ya tayar da mota, sarƙa za ta iya tsallake haƙori tun a bugun farko.

11. Zagaye biyu da hannu

Juya karanshaf zagaye biyu cikakku yadda agogo ke tafiya, a hankali, da sifana. Idan ka ji ya tokare, tsaya nan take, kada ka ƙara ƙarfi. Koma ka duba maki. Idan ya wuce lami lafiya, tsaya a kan 0 ka duba ɗigo biyun nan. Dole su sake kallon juna.

Kada hankalinka ya tashi don gaɓoɓi masu launi ba su dawo kan makinsu ba. Ba sa dawowa sai bayan zagaye masu yawa. Amfaninsu na ɗorawa ne kawai. Yanzu lamba 0 da ɗigo ne shaidarka.

12. Haɗawa da tayarwa

Zuba ɗan mai a kan sarƙa da kamshaf. Sa ɗigon gam a wurare biyu da murfin taimin ya haɗu da kan inji, ka ɗora murfin sama da sabon gaskit, ɗauri mai sauƙi daga tsakiya zuwa gefe. Mayar da ajastar fambel (ƙusa Nm 69, noti Nm 29), sitin inji, altaneta, famfon sitiyari, fambel, fulogi da kwayil.

Bari gam ya kama. Aƙalla awa 2 kafin a zuba mai, ni kuwa na fi son ya kwana. Zubar da tsohon mai ko da bai daɗe ba, domin ruwa da ɓarɓashin gam sun sauka cikinsa. Sa sabuwar filta da mai 5W-30, wanda aka tsara injin a kansa. Cika lagireto da ruwansa na ainihi, ba na rijiya ba.

Kafin ka haɗa wayoyin kwayil, cire fiyus mai rubutun EFI, ka mayar da kan batir, ka murɗa makulli na daƙiƙa goma, sau biyu, domin mai ya isa ajasta. Sannan ka haɗa komai ka tayar. 'Yar ƙara ta daƙiƙa kaɗan ba matsala ba ce. Idan ta ci gaba, ko inji na rawa, ko fitilar mai ta ƙi mutuwa, kashe. Idan ya zauna lafiya, kunna hita, ka bar shi a silo har fanka ta tashi, kana ƙara ruwa yayin da iska ke fita. Goge lambar kuskure da kwamfuta, ka zagaya unguwa ba tare da taka mai sosai ba.

Washegari, da inji a sanyi, duba ruwa da mai, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ka kuma bi da farin tsumma ta gindin fuli, da bayan ajasta, da kewayen famfon ruwa. Maimaita wannan dubawar bayan mako guda.